Riyal ɗin Inna sun dawo gida

Ina tsaye a wani shago a Madina, darduma a hannuna, na miƙa wa mai shagon riyal. Sai ya girgiza kai, ya nuna mini na'urar kati. Wai ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Kuɗin nan ba nawa ba ne. Surukata Inna ce ta sayar da albasar da ta noma a Aliero, aka canzo mata su, ta ƙulle a leda ta ba ni. Ta ce darduma take so, amma da guminta kaɗai za a saya, don a kanta za ta riƙa salla.

Kafin in buɗe baki maigidana ya ɗora katinsa. A littattafan da nake karantawa, a nan ne amarya ke murmushi. Ni kuwa gabana ne ya faɗi.

"Yaya, ai ba kuɗɗin Inna munka biya da su ba."

"To mi ab bambanci? Ba ni riyal ɗin, shi ke nan."

"Amma ba su shiga hannun mai shago ba."

"Ke, littattafan ga sun gama da ke. Riƙe abinki."

Jiya, bayan mun dawo gida, na kai wa Inna. Ta shafa dardumar, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ɗiyata, albasata ta kai Madina."

Ni kuwa ga riyal ɗinta a jakata.

Jama'a, kaina ya ɗaure. In faɗa mata, ko in bar ta da farin cikinta?