Ranar da Aka Sauke Ni Daga Tafinta

Shekarun baya na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye na kawo ta wurina a Agege, cikin Ikko, saboda hawan jini ya sa ta a gaba. Likita ya ɗora ta a kan wani magani, jinin kuwa ya sauka. Ba ta jin Turanci balle Yarbanci, don haka ni ne tafinta, sai hura hanci nake yi.

Ana nan sai ta fara ramewa. A kawo tuwo ta ture, a kawo shayi ta ture. In likita ya tambayi jikinta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi." Ni kuma in juya in shaida masa garau take.

Wata safiya na tarar ta ɗaure kayanta.

"Ruwan Ikko bai karɓe ni ba," in ji ta. "Gida za ni. Maganin ma a bar shi haka."

Ni kuwa na san in ta koma ƙauye ta ajiye magani, sai dai wani ikon Allah.

Maƙwabciyarmu ce ta ja ni gefe, wata Bayarbiya mai sayar da burodi, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa.

"Oga, ba kai ne ɗan farinta ba?"

Na ce ni ne.

"To shi ne! Matar da ko sunanka ba ta iya faɗa, ita za ta ce maka gudawa take yi? Tun da ta fara maganin nan butarta ba ta huta ba. Bayi ɗaya muke shiga a gidan nan, ina gani."

Kunya ta rufe ni. Washegari mu uku muka hau keke napep zuwa asibiti. A bakin ƙofa maƙwabciyar ta tare ni: "Abeg, kai tsaya nan."

Ina kan benci ina jiyo muryar mahaifiyata tana zuba bayani tiryan-tiryan, har da dariya, maƙwabciyar tana fassara wa likita. Likita ya ce maganin yakan taɓa hanjin wasu mutane. Ya canza mata wani, ya ja mata kunne kada ta daina sha da kanta. Ba a jima ba ta kwance kayanta, ta koma cin tuwo har da neman ƙari.

Har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Na kawo ta Ikko don in tsaya a kanta, ashe babban taimakon da zan yi mata shi ne in fita daga ɗakin.