Kunyar suruki a cikin kwazazzabo

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga unguwar Harra ta Yamma a Madina, mu huɗu a mota ɗaya, bayanta cike da jakunkunan goyo da hema biyu da robobin ruwa. Wani kwazazzabo muka nufa a cikin duwatsun yamma da Madina, ta hanyar Yanbu. An yi ruwan sama a can kwanakin baya, aka ce ruwa na zubowa daga saman dutse, abin da Larabawan nan ke kira shallal. Ni da na gaji da tsayuwa a kantin magani, ina jin haka na ce da ni za a je.

Mai tuƙi abokina ne Badamagare, ni kuwa Bakano, kun san ba a zama lafiya. Na uku injiniya ne da bai daɗe da aure ba, har yanzu Ango muke ce masa. Na huɗu shi ne ba ya cikin lissafi: surukin Ango, uban matarsa, dattijo mai koyarwa a jami'a, muna ce masa Malam. Ango ne ya je gaisuwa ya yi suɓutar baki ya ambaci tafiyar, Malam ya ce ai shi ma ya daɗe yana son ya miƙe ƙafa. To, wa zai ce wa suruki a'a?

Hanya sumul take, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama da raƙuma jefi-jefi. Da hantsi muka tsaya wata tasha muka sayi burodin tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, da shayi, da araha kamar kyauta in ka gwada da shagunan kusa da Harami. Muka baje a tabarma. Ango ya ce ya ƙoshi, ya koma gindin mota wai yana duba taya. Ni da Badamagare muka kalli juna muka danne dariya. A wajenmu mutum ba ya ci ko sha a gaban uban matarsa. Yaran da aka haifa a nan ba su san wannan ba, amma Ango tashin ƙauye ne, ya riƙe abinsa gam. Malam ya yi kamar bai gani ba, sai dai daga fuskarsa ka san abin ya yi masa daɗi.

Inda kwalta ta ƙare muka bi turba har bakin kwazazzabon, muka ajiye mota kusa da wani garken awaki. Kafin Malam ya sunkuya, Ango ya sure jakarsa ya rataya a ƙirji, ga tasa a baya. Malam ya ce ya bari, Ango ya ce haba Baba, ai ba nauyi. Tun da kuwa jakar tana jikin Ango, sai Malam ya jera da shi, yana ba shi labarin zamaninsu na makaranta, Ango yana ta "haka ne, Baba". Mu muna kurɓar ruwa a kai a kai. Shi ban ga ya kai roba baki ba, amma na ɗauka yana sata in an sha kwana.

Da magariba muka kafa hema a kan wani tudu, nesa da hanyar ruwa. Badamagare ya dafa kabsa, na ce da gani Damagaram ba su gaji shinkafa ba, ya ce in bar masa rabona. Ango ya ce sai an jima zai ci, na rufe masa nasa a tukunya. Malam kuma ya ce shi da surukinsa za su kwana hema ɗaya. Da safe na tarar da abincin yadda na bar shi. Na ja Ango gefe na yi masa faɗa, ya ce ya sha ruwa wajen alwala, kuma shi lafiya lau yake.

A rana ta biyu kwazazzabon ya tsuke. Bango ne na dutse ta ko'ina, ba iska, zafi yana tasowa daga ƙasa yana sauko mana daga sama. Muna hawa muna sauka a kan manyan duwatsu masu santsi, kuma ba wani lungu da mutum zai ɓuya ya sha ruwa. Na miƙa wa Ango robata, ya saci kallon Malam ya girgiza kai. Na ji haushi, wallahi. Na ce a raina ƙato ne, shi ya sani.

Wajen azahar muka fara jin ƙarar ruwa. Muna shan wata kwana sai ga shi yana zubowa fari fat daga tsakanin dutse zuwa wani tafki kore shar, ga ciyawa, ga 'yan dabinai, ga sanyi na dukan fuska. Badamagare ya yi kabbara. Ni kuwa na juya in tsokani Ango, sai na ga abin da ya sa na fasa. Rigunanmu duk sun jiƙe sharkaf da gumi, tasa a bushe take ƙamas. Ya dube ni ido jajir ya tambaye ni ko motar kankare ta iso. Kafin in ce wace mota, sai ya zube da jakunkuna biyu a jikinsa.

Na taɓa goshinsa, zafi kamar gindin tukunya. Na san abin da wannan ke nufi: in jiki ya daina gumi a irin wannan rana, mutuwa ba ta da nisa. Na duba waya, ba sabis. Mota tana can baya, tafiyar da ta ci mana wuni. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: ruwa na ta zuba a gabanmu, mutum zai mutu da ƙishirwa.

Muka yage jakunkunan, muka ja shi cikin tafkin ta wajen inuwa, muna kwarara masa ruwa a ka da wuya da hammata. Malam yana tsaye yana salati. Na kaɗa garin gishiri da sukari da na zo da shi a kofi. Can Ango ya buɗe ido. Na tallafo kansa na kai kofin bakinsa, har ya buɗe, sai idonsa ya faɗa kan Malam. Ya datse haƙora ya kau da kai.

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce ya sha ko in ɗura masa kamar jariri. Ko gezau. Na roƙi Malam ya ɗan zaga bayan dutse, don ita kaɗai ce dabarar da ta zo mini. Malam ya yi taku biyu, ya tsaya, ya juyo.

"Ba inda zan je," in ji shi. "Ba ni kofin."

Ya shigo ruwan da kayansa, ya zauna, ya ɗora kan Ango a cinyarsa.

"Injiniya, dube ni. Na ga kunyarka tun jiya, na ji daɗi, shi ya sa na yi shiru. To yanzu na yafe. Na ba ka 'yata ne don ka riƙe ta, ba don in kai mata gawarka ba. Sha, ɗana."

Ango ya runtse ido ya sha, hawaye na bin gefen fuskarsa. Ya amayar da na farko. Muka jira, Malam ya ci gaba da ba shi kaɗan-kaɗan, ya hana kowa karɓar kofin. Ni ina riƙe da wuyan hannunsa ina jin bugun jini, ina addu'ar da ban ma san na iya ba. Sai bayan la'asar gumi ya karyo masa, ya gane inda yake. Da ya ce a kama shi zai zaga, Badamagare ya ce shi tun da yake bai taɓa murnar fitsarin ƙato ba sai yau. Muka yi dariya, amma ba mai ƙarfi ba.

A nan muka kwana, muka fito da sanyin safiya, muna tafe muna hutawa. Kayan Ango mu muka raba, Malam ya goya tasa jakar. Shallal ɗin da muka sha wahala dominsa ko hoto ban ɗauka ba.

Muna hawa kwalta sabis ya dawo, wayar Malam ta hau ruri. Matar Ango ce, ta yi ta neman mijinta ba ta samu ba. Dattijon da bai girgiza ba a cikin ruwa ya ɗaga, sallama kawai ya yi. Ya miƙo mini wayar ta baya, ya juya fuska wajen taga, kafaɗunsa na motsi.

"Gaya mata ga mu nan tafe da shi," ya ce.

Kai tsaye asibiti muka wuce a Madina, aka ƙara wa Ango ruwa, likita ya ce ƙodarsa ta sha da ƙyar. Na isa gida da tsakar dare, ƙafa a kumbure, na kasa ba iyalina labari sai washegari. Abin da na koyo shi ne, a jeji ba a karɓar "lafiya lau" daga bakin Bahaushe, sai ka ga ruwa ya wuce maƙogwaronsa da idonka. Kunya ado ce, ban musa ba. Amma mu uku muka ga yaron nan yana ƙin ruwa tun daga tasha, kuma da farko dukanmu daɗi abin ya yi mana.