Naɗin Ƙarshe da Ya Ɓata wa Kawu Othman

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Rajab 1445, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran kawuna Othman Abduljalil, mai shayin unguwar Sharafiyya, a nan ƙasa mai tsarki, yana da shekara saba'in da tara.

Kawu, jikan hakimi ne kai, wanda aikin Hajji ya kawo kakanka ya rasa kuɗin komawa gida. Kullum tobinka, farar doguwar rigar nan, a goge, kamar fada za ka, ba gindin buta ba. Wanda iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu ya rasa aiki ya san inda zai sha shayi da burodi ba a tambaye shi komai ba.

Tun kana saurayi wani Bature ya bar maka majigi da tsohon fim na ƙasar Suwidin, na barkwanci, marar magana. Labarin wani basarake ne da ya tsiyace, aka kore shi daga gidan ubansa, amma yana yawo da doguwar hula yana sakace da yunwa a cikinsa. Mun sha dariya a tsakar gidanka har cikinmu ya ƙulle. Sai dai naɗin ƙarshe na zaren fim ɗin ya ɓata. In hoto ya yanke, sai ka tsaya gaban farin zanen da kake haska fim ɗin a kai ka ce, "Halas, daga nan ya koma gidan ubansa, aka buga tambari." Tambari a Suwidin, Kawu!

Da ka kwanta asibiti na yi ta nema a intanet har na samo shi cikakke. Ni kaɗai na kalla. Bai koma ba. Ƙyalle ya ɗaura a ƙugu, yana zuba wa baƙi shayi, yana dariya.

Da na je duba ka, ka riƙe hannuna ka ce, "Nuf, ke mai karatu, kin gano? Ya koma gida?"

Na ce, "Ya koma, Kawu."

Ƙarya na yi maka, kuma tana cin raina. Na kasa faɗa wa mutumin da bai taɓa ganin garin kakansa ba cewa shi ma wancan a bakin buta ya ƙare. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Zubaidatu, da Sa'ud da Wejdan, da jama'ar Sharafiyya. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sauke ka a gidan da ba mai fitar da kai. Amin.