Maganaɗisun surukina

Shekarar da soja sunka sake karɓe mulki, wani yaro ɗan Damana ya aiko neman ɗiyata ta fari. An ce a Turai yake aiki. Lokacin kuwa duk wanda ya fito can, kallon ɗan leƙen asiri ake yi mishi, har jandarma sun tsai da shi a Baleyara sun zazzage jakarshi. Ni dillalin shanu ne, ba ni sayen dabbar da ban buɗe bakinta ba, balle in ba da ɗiya. Na ce a kira mini shi zaure.

Na ce, "Yaro, mi kake yi can?"

Ya ce, "Baba, ƙwayoyin zarra masu nauyi muke karawa da juna. In sun yi karo sai su narke, zafin ya fi na cikin rana, kuma a wurin wani maganaɗisu mai ƙarfin gaske yake tashi. Shi nake aunawa."

"To nuna mini shi."

"Ba a ganin shi, Baba. Kafin a ƙyafta ido ya ɓace."

Kai! Raina ya ɓaci. Na ce a zuci, ko dai maƙaryaci ne, ko kuwa bam suke haɗawa yana ɓoye mini. Na ce, "Abin da ba ka taɓa gani ba, ƙaƙa ka san ya zo?"

Ya ce, "Tarkacen da karon ya watsar muke bi. Wasu sun karkata dama, wasu hagu. In ba wani abu ya ja su ba, da ba su karkata ba."

Wata guda ina bincike. Na tambayi malamin lakkwal ɗinsu, wanda ya koya mishi boko, na tambayi kawunnanshi, ba wanda ya faɗi aibunshi, ba kuma wanda ya gane aikin. Ɗiyar kuwa ta daina cin tuwo. Na ba shi, amma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba.

Bayan ɗaurin aure, sati biyu ya yi nan garinmu Filinge, ya tafi da ita. Har yau ban yarda da maganaɗisun nan nashi ba. Sai dai tun ranar, motar Yamai ba ta tsayawa tasha uwar yarinyar ba ta ajiye muciya ta juya wajen ƙofa ba. Ni ma da nake mata faɗa, na mai da tabarmata bakin hanya.