Bokitin da ya zaɓa mana gida a Maamobi

Jiya ina kwashe kayan marigayiya Mma, sai ga tsohon bokitinta na ƙarfe, gindinsa duk ya ɓule. Na zauna ina dariya ni kaɗai.

Lokacin muna yara, Baba ya tara abin da ya samu a cinikin kayan mota a Abossey Okai, zai sayi gidan haya na farko. Ya ga wani a kan tudu a Nima, fenti sabo fil, ya kafe shi yake so.

Mma ba ta yi masa musu ba. Ta kai shi famfon unguwar, ta cika bokitin nan, ta ce, "Maigida, ɗauka mu je gidan naka."

Kafin su kai, rabin ruwan ya ƙare a babbar rigarsa, mata sai "Sannu da aiki, Alhaji" suke yi.

Ta ce, "Miji ke kama ɗaki, amma mai ɗiban ruwa ke cewa a tashi."

Tsohon gida ya saya a lungun Maamobi, famfo a ƙofa. Wasu 'yan hayar a nan suka ga jikokinsu.

Har Baba ya rasu cewa yake shi ya zaɓa, Mma kuwa ba ta taɓa tona shi ba. Allah ya jiƙansu.

A gidanku fa, wa ke ɗaukar bokitin?