Tayar da Na Sayo a Maigatari

Ban taɓa shan wahala irin ta waccan daminar ba, kuma duk a kan tayar keke. Mutum ya haura hamsin, gwiwa ta fara ƙara, sai ga shi yana bin kasuwanni yana tambayar wace roba ce za ta riƙe shi a cikin taɓo. Har yau in aka ce in faɗi abin da na gane a ciki, sai in yi shiru.

Aikina ɗaukar madara ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Gumel, akwai ruga a bayanmu. Kullum da safe in an gama tatsa, Baffa, dattijon rugar, zai sa a cika mini jarka biyu, in ɗaure su a kariyar keke, ɗaya dama ɗaya hagu, in kai wa wata Hajiya a Gumel da ke yin kindirmo tana sayarwa a bakin tasha. Madara ba ta jiran kowa. In rana ta ɗaga ta same ta a jarka sai ta fara juyawa, Hajiya na ɗora ta a wuta ta tsinke. Kuma ba halin in yi sammako, don ba a tatsar shanu sai gari ya waye.

Da rani ba ni da damuwa. Gonaki a buɗe suke, in ratsa ta inda na ga dama in hau kwalta. Amma da zarar gero da riɗi sun tashi, ba mai barinka ka taka masa gona. Hanya ɗaya ce ke ragewa, burtali, inda shanu ke bi. Ƙasarmu yashi ce, ruwan sama ma gyara ta yake yi, sai dai burtalin nan ya bi ta gefen wani tabki, wurin kuwa baƙar laka ce mai danƙo. Shanu sun bi safe da yamma sun dama ta, kowane kofato ya bar raminsa. Gefe da gefe shingen aguwa ne, ga wata kwana daidai inda ƙasa ta karkata zuwa ruwa.

Keken nawa na gwanjo ne, mai giya, irin wanda aka ce a Turai duwatsu ake hawa da shi. Giyar ta daɗe da mutuwa, wuri ɗaya take tsaye. Ni na sa mai walda ya yi masa kariya, ya kuma sa masa madigadi gaba da baya, wato ƙarfen nan da ke rufe taya kada ta watsa wa mutum ruwa, saboda da shi nake zuwa sallar Juma'a. Tayoyin kuwa sun suɗe, sumul kamar tafin hannu.

A sati ɗaya sau biyu na makara, don a wurin tabkin keken juyawa yake yi da ni, in sauka, in hau, in sake sauka. Rana ta biyun Hajiya ta nuna mini tukunya, madara ta rabu, ruwa daban, gudaji daban.

"Malam, ni ba faɗa zan yi da kai ba," in ji ta. "Shekara nawa muna tare. Amma maƙwabcina yana da babur, ya yi mini magana sau biyu ina ce masa a'a. Kada ka sa in ce masa to."

Ba ni da gonar kirki. Madarar nan ita ce tuwon gidana. Daga wurinta na wuce gun mai faci, sa'ana ne, a gindin darbejiya yake zama kusa da kasuwa. Ya dubi tayoyin ya ce ai waɗannan ko yara ba za su karɓa su yi gare-gare ba. Ya ɗauko mini sabuwa fil, mai zanen nan na kullum, ya ce in saya in huta. Na tambaye shi masu haƙora fa, irin waɗanda keken ya zo da su. Ya ce wannan ta masu hawan dutse ce, in nuna masa dutse ɗaya a ƙasar Gumel. Masu zaman benci suka sa baki. Wani ya ce faɗin taya ne magana, wani ya ce siririya ce ke yanka laka ta sami ƙasa mai tauri, wani ya ce in rage iska, wani ya ce in na rage iska da jarka biyu a baya, kullum ina wurin faci. Mai facin ya ce shi dai wannan shawarar ta ƙarshe ta yi masa, a rage iskar. Na tashi kaina ya fi nauyi a kan yadda na zo.

Ranar Alhamis, bayan na sauke madara, na hau mota zuwa kasuwar Maigatari. A can bayan masu igiya da akala akwai wani mutumin Damagaram da ke tara tayoyin gwanjo, tsibi guda har ƙugu. Na faɗa masa halin da nake ciki, ya saurara har ƙarshe, abin da ba wanda ya yi mini a Gumel. Sai ya jawo guda biyu, duk masu haƙora. Ya ce in duba, ɗaya haƙoranta a matse, ɗaya a warwatse. Ta matse in ta shiga laka cikewa take yi ta koma sumul, ta warwatse kuwa tana juyawa tana tofar da lakar. Na ce to wannan na gane. Sai ya ce in danna farcena a jikin kowace. Ɗaya ta lotsa, ɗaya kamar ƙaho. Ya ce mai taushi ita ke kama jiƙaƙƙen wuri, amma kwalta cinye ta take yi. Mai tauri za ta shekara biyu, amma a laka ba ruwanta da kai. Na ce masa ni hanyata rabi laka ce rabi kwalta. Ya ce to in sayi keke biyu.

Ya kuma nuna mini wata 'yar kibiya a gefen tayar, wai ita ke nuna inda za ta fuskanta in an ɗaura. Shekarata talatin ina hawan keke ban san taya tana da gaba da baya ba.

Na zaɓi mai taushi, mai haƙora a warwatse. Na so biyu, kuɗin hannuna na ɗaya ne. Yana naɗe mini ita sai ya ce, "To, tunda guda ce, a gaba za ka sa ta."

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce irin ta keke biyu. Na ce kaya fa a baya suke.

"Alhaji, in baya ta zame ƙafa za ka sa ƙasa. In gaba ta zame, baki za ka sa."

Duk hanyar dawowa maganar nan nake juyawa. Tun muna samari, in mutum ya sami sabuwar taya baya take zuwa, ta bayan ta koma gaba, ta gaban a ba yara. Masu kai hatsi kasuwa haka suke yi, masu itace haka, masu ruwa haka. Taya mai ƙarfi tana zama inda nauyi yake. Ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba.

Da na kai wa mai faci na faɗa masa abin da aka ce, ya ajiye sifana ya dube ni. Ya ce wato in sa riga mai kyau a inda ba kaya, in bar tsumma a ƙarƙashin jarka biyu. Ya ce shi mai tayar ko ya taɓa ɗaukar madara? Na ce ban tambaye shi ba. Batun kibiya kuwa ya ce ado ne na kamfani, taya zagaye take, ta ina ta san gaba. Ya ɗaura ta a baya. Ban duba ko kibiyar ta kalli inda aka ce ba, kunya ta hana ni. Da ya juya ƙafar keken na ji haƙoran suna shafar madigadi kaɗan-kaɗan, na yi magana, ya sa hannu ya ɗan ɗaga ƙarfen ya ce shi ke nan.

Kwana biyu ba ruwa, na je na dawo lafiya, sai dai a kwalta tayar tana gurnani, kuma tuƙin ya ƙara nauyi. A rana ta uku aka kwana ana ruwa. Na ɗauki madara, Baffa ya ce in bi a hankali, shanu sun riga ni shiga burtali.

Da farko daɗi na ji. Inda a da bayan keken ke wulwulawa a banza, yanzu ina taka feda yana tafiya. Har na ce a raina mai faci ya fi mutumin Damagaram sanin ƙasarmu. Ban sauka ba inda na saba sauka. Na shiga kwanar tabkin da ɗan gudu, na karya kan keke zuwa hagu, keken ya ci gaba da tafiya miƙe. A daidai lokacin kuma na ji baya ta cije kamar an kama birki. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance, kafaɗata a cikin aguwa, laka a bakina, keken a kaina.

Murfin jarka ɗaya ya fice. Ina kallo madara tana bin ramukan kofato, tana cika wannan ta tsallaka wancan. Kafin in janye ƙafata in tashi, saura kaɗan a gindi. Ɗayar ba abin da ya same ta.

Na tsaya ina duban keken. Tayar gaba ta ja dogon layi a laka inda ta sulale. Ta baya kuma ba ta juyawa sam, laka ta cushe tsakanin haƙora da madigadi ta daskare. To wanne ya kayar da ni? Gaban ce ta fara zamewa, ko bayan ce ta fara cijewa? Na nemi tsinke na yi ta sakace lakar, in tura taku goma ta sake cikawa. A ƙarshe jarkar na sauke na kai bakin yashi a ka, na dawo na ɗauki keken a kafaɗa.

Na isa Gumel rana ta yi sama. Hajiya ta dube ni tun daga hula har silifa, ta buɗe jarkar ta shinshina, ta ɗora kaɗan a wuta. Ba ta tsinke ba, sanyin ruwan da aka yi ya taimake ni. Ta ce amma rabi ne, masu sayenta na safe sun zo sun tafi. Na fara yi mata bayanin gaba da baya da kibiya, ta ɗaga hannu.

"Malam, ni ban san taya ba. Gobe in na gama sharar ƙofar nan ba ka zo ba, kada ka wahalar da kanka, ka wuce da ita wani wuri."

Na koma gindin darbejiya. Mai faci ya ce laifin madigadi ne, mai walda ya matse shi, ba ruwan aikinsa. Na ce gaban fa da ta sulale? Ya ce ai da baya ba ta cije ba da gaban ba ta sulale ba. Wani a benci ya ce a'a, da gaban ba ta sulale ba da ban taka birki ba. Na ce ban taka birki ba. Ya ce na taka, ban sani ba ne. Ni kaina na fara shakka. Na roƙi mai faci ya mayar mini da ita gaba mu gani, ya ce shi ba zai yi aikin da za a zo ana nuna shi da baki ba, keke da sabuwar taya a gaba kamar na wanda bai da mafaɗi. Na ari sifana biyu a wurinsa, ya ba ni yana dariya.

Da yamma na biya ruga na faɗa wa Baffa madarar da ta zube. Ya tambayi kafaɗata, bai tambayi jarka ba. Na ce masa gaba ko baya, shi me ya gani? Ya ce shi da ƙafa yake bin wurin, ko saniya in ta zo kwanar nan rage tafiya take yi.

Washegari ina idar da sallar asuba na kifa keken a tsakar gida. Na kwance ƙafafun biyu, na ɓare tayoyin da cokulan mai ɗakina, har na lanƙwasa mata guda tana ta mita. Na sa mai haƙora a gaba, na juya ta sau biyu kafin na yarda kibiyar ta kalli inda keke ke tafiya, suɗaɗɗiyar ta koma baya. Madigadi duka biyun na cire na jingina a bayan rumbu. Na ɗauki madara, na shiga burtali, baya tana wutsil-wutsil, gaba tana watsa mini laka har gemu. Da na hango kwanar tabkin sai na ji ban yarda da ko ɗaya daga cikin abin da na yi ba, na sauka na tura keken da hannu har na wuce, sannan na hau. Na sami Hajiya a duƙe da tsintsiya, saura gefen kwata ta gama shara. Ta miƙe ta ƙirga jarkokin da ido, ta ce in shigar mata da su ciki, in kuma ɗauki buta in wanke fuskata kafin masu saye su gan ni.