Ranar Da Akori-kurar Yaya Ta Ƙara Tsawo

Yayata ba ta koyi tuƙi ba sai da 'yarta ta fari ta haihu. Kafin nan ƙwai take sayarwa a gida, kiret biyu, kiret uku, har abin ya bunƙasa masu shaguna suka fara aiko mata. Damuwarta ɗaya, direbobin haya. Duk wanda ta ɗauka sai ya kawo mata kaya kamar an yi dambe a kansu, in ta yi magana ya ce hanya ce. Ran da wani ya fasa mata kiret tara, ya kuma tsaya yana jiran a yi masa sannu, ta ce ta gama. Ta sayi tsohuwar akori-kura fara, ta sa mijinta ya zauna a gefenta a filin ƙwallo har hannunta ya faɗa. Shi yana cewa shi ya koya mata. Ita tana cewa salati kawai ya yi ta yi yana riƙe da ƙofa.

Tun daga nan unguwa ta sa mata Mai Ƙwai. Tuƙinta kuwa, mai keke ma yakan wuce ta ya waiwayo. Ta san kowane rami tsakanin gonar kajin da take ɗauko kaya da shagunan da take kaiwa, tana lallaɓa su kamar mai tsallake yaro yana barci. Ba ta ce wa motar mota, Tsohuwa take ce mata. In ta kai ta gareji ba ta barin wurin, benci take ja ta zauna a kan bakanike: wannan mene ne, wancan me ya yi maka ka cire shi? Da haka ta iya canjin mai, ta iya gyaran birki, ta tara akwatin sifanu da ko mijinta ba ya taɓawa sai da izini.

Mijin nata magini ne, ƙaton mutum mai sanyin murya, wanda abin tinƙahonsa a duniya shi ne bai taɓa ɓarnar bulo ko ɗaya ba. Shi ya gina gidansu, shi ya yi ƙofar shiga da mota, ya zuba mata lintar kankare a sama, ya yi mata ado da hannunsa. Baƙo bai isa ya shiga gidan ba tare da an nuna masa lintar nan ba. Ni kuma ƙanin Yaya ne, tayil nake sayarwa. Furfura ta fito mini amma har gobe Auta take ce mini, Magini kuma yana ce mini Akawu, wai ko gaisuwa sai na ƙirga.

Bana Tsohuwa ta ƙara sunkuyar da kai. Gabanta ya yi ƙasa, in ta taka rami sai ta yi ta gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi, ƙwan da ke baya yana amsawa. Mai gidan burodi, wanda shi kaɗai yake karɓar rabin kayan Yaya, ya kira ta ya ce shi ba wainar ƙwai ya yi oda ba. In kaya suka sake zuwa a fashe, ko suka makara, zai nemi wani. Kayansa na gaba kuwa ranar Asabar ne, a ɗauko daga gona da la'asar.

Yaya ta kira ni ranar Juma'a.

"Auta, gobe ka rufe shago. Shokazoba da sifirin na gaba za mu canza."

"A gida?"

"A'a, a kan itace. Ka zo da wuri."

Da safe na tarar ta riga ta shigo da motar tsakar gida da baya, yadda ta saba, ta danne tayoyin baya da duwatsu. Sabbin kayan suna shimfiɗe a kan buhu: shokazoba biyu, wato ƙarafan da ke shanye tsallen mota, da murɗaɗɗun sifirin biyu baƙaƙe wulik suna ƙyalli. Ta aro abin matse sifirin a wurin bakanikenta, dogayen ƙarafa biyu masu zare da ƙugiya. Ni aikina noti. Na ɗauko kiret ɗin ƙwai wanda ba komai a ciki, duk notin da ya fito na ba shi gurbinsa, na dama a layin dama, na hagu a layin hagu.

Ta sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa, sannan muka ɗaga da jak, ta sa Magini ya tura kututture a ƙarƙashi. Ba ta yarda da jak shi kaɗai. Ta ce jak kamar alkawarin tela ne, ana jingina da shi amma ba a kwanciya a ƙarƙashinsa.

Notin saman shokazoba ya fita lafiya. Na ƙasa ne ya ce bai san zance ba, tsatsa ta aure shi. Yaya ta jiƙa shi da mai, muka sha shayi, ta ja, ya ƙi. Na ja, ya ƙi. Ta zura bututun ƙarfe a jikin sifana don ta ƙara tsawo, ta dubi mijinta.

"Baban yara, zo ka jingina."

"Jingina kawai?"

"Ai kai jinginarka ta fi turin wasu."

Ya ɗora tafin hannu ɗaya, notin ya yi ƙara ya saki. Magini ya koma kujerarsa yana goge hannu kamar wanda ya kammala bene.

Da tsohuwar shokazoba ta fito, Yaya ta danna ta da hannu ɗaya, ta shige ba gardama, ba ta kuma dawo ba. Jikinta duk mai ya tsiyaye. "Allah ya jiƙan rai," in ji Magini.

Wurin sifirin ne wasa ya tsaya. Yaya ta maƙala ƙugiyoyin gefe da gefe, tana ɗaure wannan kaɗan, ta koma wancan kaɗan, don kada ya karkace. Ta kore mu daga saitinsa. Ta ce sifirin da aka matse ba shi da ɗan'uwa, in ya kuɓuce haƙoran da ya samu a hanya nasa ne. Da tsohon ya fito, ta sassauta shi a ƙasa a hankali. Na jera shi kusa da sabon. Sabon ya fi shi tsawo da yatsa biyar cif, na auna sau biyu.

"Yaya, ba daidai suke ba."

"Tsohon ne ya tsufa ya ranƙwafa. Kuma na ce a ba ni mai ƙarfi, wanda zai kai ni jikoki."

Ɓangare na biyu bai ba mu wahala ba, hannu ya riga ya san hanya. Muka mayar da tayoyi, muka sauke motar, sannan ta bi notunan ƙasa ta ɗaure su tamau, don ta ce sai mota ta zauna a kan nauyinta ake yi musu ɗaurin ƙarshe. Na duba kiret ɗina, ba noti ko ɗaya da ya rage. Magini ya danna gaban motar ya saki, ta taso sau ɗaya ta tsaya cak. Tsohuwa ta ɗaga kai kamar wadda aka yi wa albishir.

Azahar ta ɗan gota. Yaya ta yi wanka, ta yi salla, ta ɗaura ɗankwalinta na fita, muka loda kiret ɗin da za ta zubo ƙwai. Na buɗe ƙofa, ta tayar da mota, ta taho a hankali. Hancin motar ya fita. Gilashi ya fita. Sai muka ji ƙwas.

Ƙarfen ɗaure kaya da ke bayan kan direba ya daki lintar Magini.

Yaya ta taka birki, ta ja baya, ta fito. Mu uku muka tsaya muna kallon sama. Wani ɗan ɓarɓashin siminti ya sauko a kan rufin motar, Magini ya bi shi da ido har ƙasa.

"Baban yara, da me ka auna ƙofar nan?"

"Da motar."

"Da motar yaya?"

"Na sa tef a kanta, na ƙara yatsa biyu. Me za a yi da sauran? Iska za a gina?"

Ashe lokacin da ya yi ƙofar, Tsohuwa ta riga ta ranƙwafa. Ya yi wa mai doro riga daidai jikinta, yau ga shi ta miƙe.

Na ɗauko tsani na auna. Yatsa uku ne suka hana mu fita. Na ce abu mai sauƙi ne, a ba ni guduma da kurfi in ɗan sassaƙe ƙasan lintar.

"Akawu," in ji Magini a hankali, "ka sassaƙe ni tukuna."

Na ce to a cire ƙarfen. Yaya ta ce walda aka yi masa, kuma shi ke riƙe igiyar kaya. Magini ya ce a mayar da tsoffin sifirin mana, a fita, gobe a yi shawara. Yaya ta yi masa kallo ɗaya, ya ce shi ma bai ce dole ba. Ta duba inuwar katanga, ta duba waya. In ba ta kama hanya nan da ɗan lokaci ba, gona za ta rufe, mai burodi kuma ya gama magana.

Ita ce ta tuna da mai facin bakin titi. Na ruga na taho da shi da famfonsa. Ya zagaya motar, ya dubi linta, ya yi dariyar da ta ishe shi, sannan ya tsuguna ya rage iskar tayoyi huɗun. Motar ta yi ƙasa. Na hau na auna, saura yatsa ɗaya da ɗan wani abu.

"Ƙara rage," in ji Yaya.

"Hajiya, in na ƙara, ƙarfe zai yanka taya. Nauyi za ku nema."

Muka waiga neman bulo. A gidan magini, ko rabin bulo babu, mutumin da ba ya barin ragowa. Yaya ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta mai ɗinki da ƙanwarta, suka zo suna tambayar ko lafiya, aka ce su hau baya su zauna. Na bi su, mai faci ma ya hau. Bayan motar ya sauka, amma sabbin sifirin suka riƙe gaba ƙam, ai don haka aka saye su. Na miƙa hannu na shafa tsakanin ƙarfe da linta, har yanzu da saura kaɗan.

Yaya ta leƙo ta taga. Ta kalli mijinta, sannan ta kalli bonet, murfin injin.

"A'a," in ji Magini.

"Baban yara."

"Mutane sun taru a waje. Ni da girmana?"

"Girman ai shi muke nema."

"In na zauna kaina zai daki lintar."

"Wa ya ce ka zauna? Kwantawa za ka yi."

Ya dubi lintarsa, ya dubi gudumar da na ajiye a gindin tsani. Ya cire hula ya miƙa wa mai ɗinki, ya tattare riga, ya hau bonet ya kwanta rub da ciki, hannuwansa a buɗe, fuskarsa dab da gilashi, ido cikin ido da matarsa. Gaban motar ya yi wani nishi ya sauka.

"Kada ki yi dariya," ya ce.

"Ni tuƙi nake. Matsar da kunnenka, ba na ganin hanya."

Ta saki birki. Motar ta taho kamar mai satar fita. Ina tsugune a baya ina kallon ƙarfen yana shigewa ƙarƙashin lintar, tsakaninsu ko takarda sai ta yi dabara. Mai ɗinki ta riƙe numfashi, wai ko zai ƙara mata nauyi. Muka fita. 'Yan kallo suka yi tafi, wani tsoho da ke wucewa ya tsaya ya tambaya ko asibiti za a kai shi.

Magini ya sauko, ya karɓi hularsa, bai kula kowa ba. Ya koma ya ɗaga kai yana duba inda ƙarfe ya taɓa ɗazu. Mai faci ya cika tayoyi, Yaya ta ja mota. Na rantse a ranar na ga ta wuce mai keke.

Kafin magariba ta dawo. Ta ce mai burodi da kansa ya tsaya ana saukewa, yana ɗaga kiret ɗaya bayan ɗaya yana neman abin faɗa, bai samu ba, sai ya ce to Asabar mai zuwa a ƙara masa biyar. Ta faɗi haka tana tsaye a waje, don motar ta tsaya ne a bakin ƙofa, hancinta yana kallon gidan da ba za ta iya shiga ba.

Magini ya ce zai ɗaga lintar da hannunsa, kada wani ya taɓa masa, layin bulo ɗaya zai ƙara. Yaya ta ce biyu, don ba ta san irin motar da Allah zai ba ta nan gaba ba. Ya ce ɗaya ya isa har da canji. Ta ce wancan karon ma haka ya ce. Har na bar gidan suna kan layi ɗaya da layi biyu, kuma zuwana na ƙarshe na tarar Tsohuwa a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, Magini yana zaune a gefenta yana gadi, wai iska yake sha.